Tsuntsun Bayan Faranti

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Renata, rabu da mai bashin nan tun wuri", ku gyara zama, yau da ku nake. Ku kuma da kuka ce Babana mugu ne, kada ku tashi, don ban huce ba tukuna.

Saboda sababbin shigowa: ni ce Renata, autar Leonard Pawlak na nan Toledo, aikina goge haƙoran mutane a asibitin haƙori. Wanda ya sace min zuciya kuwa Nolan Prewitt ne, malamin tarihi da tsarin mulki a sakandaren gwamnati. Dogo ne mai sanyin magana, irin mutanen da in ka taka musu ƙafa su za su riga ka ba da haƙuri. Aibinsa ɗaya a idon gidanmu shi ne bashin karatu, wanda ya kusa kuɗin ƙaramin gida. Shekara takwas ke nan yana koyarwa yana biya wata-wata, kuma doka ta ce duk wanda ya cika goma a aikin gwamnati yana biya, za a yafe masa ragowar. Saura masa biyu.

To kalmar nan ta "yafewa" ita ce Baba ba ya ƙaunar ji. Shekara talatin ya yi a tsaye a layin haɗa motoci, kuma da aikin bayan tashi ya biya min kwaleji, na fito ba wanda ke bina ko dala ɗaya. Gwiwoyinsa na asali a masana'antar ya baro su, na ƙarfe yake yawo da su yanzu. Shi ya sa da Nolan ya same shi a gareji ranar Lahadi yana neman izinin sa min zobe, Baba ko sifanar hannunsa bai ajiye ba. Ya ce shi bai raini 'yarsa babu bashi don ya ɗauke ta ya miƙa wa bashi ba. In da gaske Nolan yake, ya ajiye alli. Kawu Gene, ƙanen Mama, yana neman mai taya shi sayar da motoci, kuɗin ya kusa ninka albashin malanta, sai ya biya abin da ya ci da guminsa. Ya ba shi zuwa Alhamis, Ranar Godiya, bikin shekara da dangi ke haɗuwa cin abinci, ya zo da amsa kan tebur.

In ya ce to, shekara takwas ta bi ruwa, da ita da ajin da yake so kamar ransa. In ya ce a'a, zaɓi ya dawo kaina, ko ubana ko shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, har safiyar Alhamis ban san ɓangaren da zan faɗa ba.

Ina gaban madubi da safen na tura masa saƙo.

"Me za ka ce masa?"

"Ina kwana, gimbiya. Wane naktaye zan ɗaura?"

"Shuɗin. Nolan, me za ka ce masa?"

"Mamanki ta fi son furanni ko cakulan?"

Na ji kamar in shiga wayar in shaƙe shi. Da na ga ba zan sami komai ba, sai na zuba masa dokokin gidanmu. Kada ya zauna a kujerar da ke kallon talabijin, ta Baba ce. In Mama ta ƙara masa pierogi ya karɓa ko cikinsa zai fashe, don tun jiya take murza fulawa tana cusa dankali da cuku. Kada ya biye wa Gwaggo Bernadette. Ban da siyasa, ban da siyasa, ban da siyasa. Ya turo min hoton soja yana sara wa ogansa.

Abu ɗaya na manta, faranti.

Nolan ɗan wani ƙaramin gari ne a bakin kogin Ohio, inda a da kusan kowa a masana'antar tangaran yake ci. Mutanen garin suna da wata ɗabi'a: duk inda suka zauna cin abinci sai sun juya faranti sun ga tambarin wanda ya yi shi, ko a gidan biki ne ko a gidan makoki. Ranar da muka fara fita tare haka ya yi a gidan abinci, har na ɗauka tsantsani ne da shi. Na san masana'antar ta rufe yana sakandare, na san mahaifinsa ya rasu bayan 'yan shekaru. Daga nan ba ya ƙarawa, ni kuma ba na tonawa. Na saba da juyin farantin har na daina ganinsa.

Na saka doguwar rigata ta karammiski, kore mai duhu, da 'yan kunnen Kaka masu ɗigon lu'ulu'u, na naɗe gashina sama yadda Baba ke cewa ina kama da mahaifiyarsa. E, da gangan na yi. Gida kuwa ya ɗauki ƙamshin talotalo da albasa a man shanu da kabeji mai tsami, tagogin kicin duk sun yi gumi, waje ƙanƙara na sauka sama-sama. Mama ta buɗe kabad ɗin gilashi ta fito da farantan aurenta, farare masu siririn layin zinare a baki. Sau ɗaya suke ganin rana a shekara, kuma ita kaɗai ke wanke su, da hannu, ƙofar kicin a rufe.

Gwaggo Bernadette, yayar Baba, ita ta fara isowa, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya daga aiki amma bakinta bai yi ba. Sai Kawu Gene, turarensa ya riga shi shigowa. Baba ya ɗora jaket ɗin ƙungiyar ƙwadago kan farar riga, alamar yau da shirinsa ya fito. Ƙarfe biyu saura Nolan ya danna ƙararrawa, furanni a hannu ɗaya, cakulan a ɗayan, ƙanƙara a kafaɗar kwat ɗinsa. Masu karatu, mutumin nan ya iya saka shuɗi.

Aka zauna. Ni da shi gefe ɗaya, Gwaggo da Kawu suna fuskantarmu, Baba da Mama a kawunan tebur. Kafin in gama shimfiɗa adiko a cinyata, hannun Nolan ya ɗaga farantin auren Mama ya kifa shi.

Kuma bai mayar da wuri ba. Ya tsaya yana kallon bayansa kamar an ba shi jarida.

"Datti ka gani, Nolan?" in ji Mama, da irin murmushin da ni na san ma'anarsa.

"Farashi yake dubawa," Kawu Gene ya ce yana dariya. "Ka ga ɗan kasuwa tun bai fara ba!"

Baba ko murmushi bai yi ba. "An biya kuɗinsa, Malam. Lakadan."

"Ki yi haƙuri, Misis Pawlak," in ji Nolan, "hannuna ne ya riga ni." Ya mayar da farantin da hannu biyu, a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Kunnuwansa sun yi ja. Na ɗauka kunya ce, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Talotalo na kicin yana shan iska kafin a yanka, wannan ɗan jiran kuwa shi ne filin wasan Gwaggo. Ta ɗago kofinta.

"Nolan, ɗan albarka, yaushe ne ma gwamnati za ta sauke maka kayan nan?"

"Bernadette," in ji Mama, "mun ce ban da siyasa."

"Wace siyasa? Lafiyar yaro nake tambaya."

Ai kamar ta kunna inji. Baba ya ture kofinsa gefe. "Sauke wa? A sauke masa a ɗora wa wa? Mai gyaran famfon da bai taɓa leƙa jami'a ba, shi zai biya wa mai digiri? Kuma jakar ƙasar nan a hannun majalisa take. Ba wani shugaba da zai tashi da safe ya ɗauki biro ya goge bashin mutane. Kotun ƙoli ma ta gaya musu."

"Nasa ai majalisar ce da kanta ta yi dokar, Leonard," in ji Gwaggo.

"To majalisar ta yi shirme. Wanda ya ci bashi ya biya, haka aka raine mu ni da ke."

"Haka ne," Kawu Gene ya gyaɗa kai. "Magana ke nan."

Gwaggo ta juyo masa a hankali, kamar kyanwa ta ga motsi. "Gene, ƙanena, wancan rancen na lokacin korona fa? Wanda aka yafe maka, aka wayi gari da sabon kwale-kwale a bayan gidanka?"

Ruwa ya sarƙe Kawu. "Wannan na albashin ma'aikata ne! Kwale-kwalen daban na saya!"

"Allah Sarki, ma'aikata. Suna shiga kuwa?" Ba ta jira amsa ba ta koma kan Baba. "Kai kuma, da kamfaninku ya durƙusa, wa ya ɗago shi? Mala'iku?"

Baba ya buga tebur har cokula suka yi ƙara, Mama ta dafe farantinta. "Wannan daban! Aro ne, kuma mun biya! Ayyukan mutane ne, garuruwa ne sukutum! Kada ki ƙara haɗa min wannan da wancan."

Bari in tsaya in gaya muku wani abu. Darasin nan Nolan yake koyarwa duk shekara, na sha zama ina jinsa yana shirya shi har na haddace. Ƙudurin ceton kamfanonin motoci a majalisar dattawa ya maƙale, fadar shugaban ƙasa ce ta ɗebo daga kuɗin da aka ware wa bankuna ta ba su, kuma ba duka kuɗin suka dawo ba. Wato biron da Baba ke zagi, irinsa ne ya hana a rufe ƙofar masana'antarsu. Jimla biyu kawai Nolan zai yi, Baba ya rasa ta cewa a gaban kowa. Ni kuwa a lokacin raina ya gama ɓaci, so nake a kayar min da ubana. Na zaro waya a ƙarƙashin tebur.

"Faɗa masa. Majalisar dattawa."

"Nolan."

"FAƊA MASA."

Ina jin wayarsa tana gurnani a aljihu, ko kallonta bai yi ba.

"Malamin tsarin mulki, na ga ka yi shiru," in ji Baba. "Ko ƙarya na yi?"

"Maganar jaka a hannun majalisa, yallaɓai, haka nake koya wa yara."

Shi ke nan abin da ya ce. Na taka masa ƙafa da tsinin takalmina, ya juyo ya ce min, "Yi haƙuri." Ban gaya muku ba?

Mama ta shigo da talotalo, ya yi jawur yana sheƙi, aka yi addu'a aka yi alamar gicciye. Sai al'adar gidanmu: kafin wuƙa ta taɓa nama, kowa zai faɗi abin da yake godiya a kai, daga Mama a zagayo a ƙare kan Baba. Na Baba kowa ya haddace, don bai taɓa canzawa ba: yana gode wa Allah da hunturun da ƙofar masana'anta ba ta rufe ba. Kuma kada ku ɗauka baki ne kawai. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a hunturun nan, ina tuna shi zaune cikin mota a ƙofar gida, inji a kashe, ya kasa shigowa ya haɗa ido da mu.

Mama ta gode da lafiya. Kawu Gene ya gode da kasuwa, yana kashe wa Nolan ido. Gwaggo ta gode da sabon ƙugun da likitoci suka sa mata da tsohon harshen da suka bar mata. Ni ban ma san me na ce ba. Sai aka zo kan Nolan.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan farantin.

"Misis Pawlak, ɗazu na yi miki rashin ladabi, bari in faɗi dalili. A bayan farantin nan akwai ɗan tsuntsu shuɗi. Tambarin masana'antar garinmu ne. Mahaifina ne ke kula da wutar gashi a can, mahaifiyata kuma tana cikin matan da ke ja layin zinaren nan da hannu. Ba su da yawa, kuma shekarun sun yi daidai, don haka wataƙila hannunta ne. Rabona da ganin cikakken saiti haka, ba ko ɗaya da ya ɓare, tun ina yaro."

Mama ta kai hannu bakinta.

"A hunturun da aka ceci masana'antarku, tamu ta rufe. Ƙarama ce, ba wanda ya ji ƙarar faɗuwarta a Washington. Kuɗin da aka tara min na karatu shi muka ci, daga baya gidan ma ya tafi. Ranar Godiya ta gaba a ɗakin otal muka yi ta, a farantin takarda, Babana ya juya nasa don ya ba mu dariya, ba wanda ya iya yi." Ya juyo wajen Baba. "Na daɗe ina jin haushin mutane irinku, yallaɓai, ba zan ɓoye ba. Sai na haɗu da Renata, ta ba ni labarin motar da ke ƙofar gida. Na san motar nan, mu ma muna da irinta. To ni yau godiyata ita ce da aka ceci wani. Da ba a yi ba, da gidan nan ya watse kamar namu, da ban same ta yadda na same ta ba. Ban damu da biron wa aka sa hannu ba, na gode da aka sa."

Ya juya wajen Kawu. "Mista Gene, na gode da tayin aiki, har raina. Amma ba zan iya ba. Ajina cike yake da yara irina, wani sai ya tsaya musu. Bashina zan ci gaba da biya kamar yadda na saba, abin da doka ta yafe kuma zan karɓa in ce na gode, ba zan ji kunya ba." Sannan ya dubi Baba ido cikin ido. "Amsata ke nan, yallaɓai. 'Yarka kuma ina nan ina roƙo."

Ni kuwa kwalliyar da na ɓata awa guda ina yi ta gama bin kumatuna. A zaune nake kusa da mutumin da ke da abin da zai kunyata ubana da shi, har ina zuga shi, ya ƙi, ya gwammace ya buɗe nasa ciwon a gaban baƙi. Ban taɓa jin girman wani ɗan Adam a raina kamar na lokacin ba, kuma a nan na san ko Baba ya ce a'a, na gama zaɓa. Sanin hakan ya fi komai tsorata ni.

Baba ya sa manyan yatsunsa masu kanta ya ɗaga farantinsa ya juya. Ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau. Shekara talatin da wani abu yana ci a farantin nan, ranar ya fara ganin tsuntsun. Gwaggo ta juya nata. Kawu Gene ma ya juya, a sace.

"Har gobe ban yarda da yafiyar nan ba," in ji Baba, idonsa na kan farantin.

"Na sani, yallaɓai."

"Wanda ya ci bashi ya biya."

"Na ji."

Ya bi layin zinaren da babban yatsansa, a hankali, har ya zagayo. Mutum ne da ya san aikin hannu in ya gani. "Ko kaɗan bai karkace ba," ya ce, kamar da kansa yake. Ya ɗago. "Mahaifiyar taka tana raye?"

"Tana nan. Tana aikin karɓar kuɗi a kantin magani. Yau tana gidan ƙanwarta."

"Ya sunanta?"

"Loretta."

Baba ya mayar da farantin daidai, ya cire tabarau, ya gyara murya har sau biyu. Layin godiya ya zo kansa, duk muna jiran hunturu da ƙofar masana'anta.

"Na gode wa Loretta," ya ce. Muryarsa ta ɗan karye a ƙarshen sunan, ya rufe da tari. "Baɗi ka zo da ita, Nolan. Ta ga yadda muka riƙe mata kayanta."

Da sunansa ya kira shi, Nolan, ba Malam ba. A ƙarƙashin tebur hannun Nolan ya sami nawa, ashe duk natsuwar nan ta fuska ce, tafinsa sharkaf yake da gumi. Wayarsa na aljihu da saƙonnina uku da bai buɗe ba, ina ta addu'a Allah ya sa in riga shi kai hannu kanta.

Gwaggo Bernadette ta share ido da adikon Mama na biki, ta ja hanci, ta karkata kai.

"Leonard, baɗi fa ka ce, kamar mai gayyatar surukai."

"Na san abin da na ce," in ji Baba. "Miƙo min wuƙa, naman nan na hucewa."